Ku kiyayi mai sayar da "man gyambo" a TikTok da WhatsApp, Hajiyarmu ta rasa yatsu biyu

Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan ina haɗiye maganar nan, don Hajiya ba ta son a riƙa yawo da zancen ciwonta. Jiya bayan sallar isha ta ce min, "In dai zai hana wata uwar shiga abin da na shiga, ki rubuta." Shi ya sa na zauna.

Akwai wata mata da ke tallar wani mai a TikTok da Facebook, ciniki kuma a WhatsApp ake ƙarasa shi. Ba zan kama suna ba, sunan ma ba ɗaya ba ne, a gabanmu sau uku ta canza shi. Kayan ne ba sa canzawa: 'yar farar roba mai murfi, babu rubutu a jikinta sai sitika ɗauke da lambar waya, man ciki kuma ruwan ɗorawa ne mai ƙamshin habbatus sauda. Cewa take haɗin gargajiya ne zalla, zuma da man zaitun da wasu saiwoyi da ta gada wurin kakarta. Wai yana maganin gyambo, ƙuna, makero, ƙazuwa, kyasbi, maruru, har da ƙurajen jarirai. Kowane bidiyo da bismillah take buɗe shi, ta rufe da salati, a tsakani kuma hotunan ƙafafun mutane ne, ga kafin a shafa, ga bayan an shafa.

Hajiya ta shekara 11 tana fama da ciwon suga. Wata safiya ta taka ƙusa a tsakar gida, ba ta ma ji ba, sai da ƙanwata ta ga jini a silifas ɗinta. Haka sugan yake yi idan ya daɗe, yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin zafi. Aka wanke, aka sa filasta. Kwana biyar tsakani wurin ya kumbura ya yi ja. Mun so tafiya asibiti, amma Hajiya ta ƙi ƙememe, domin aminiyarta da aka kai da irin wannan ciwon da ƙafa ɗaya ta dawo gida. Ana cikin wannan ja-in-jar matar Yayanmu ta nuna mana bidiyon. Muka tura naira 12,000 da kuɗin mota, washegari direba ya kira mu daga tasha.

Sai na faɗi gaskiya ko da ba ta min daɗi: man ya yi abin da ya ruɗe mu. A kwana na huɗu kumburin ya saɓe, jan ya dushe, Hajiya ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Ni da hannuna na ɗauki hoton ƙafar na tura wa matar, na haɗa da addu'a ga iyayenta.

A kwana na tara wari ya fara. Ruwa-ruwa yana tsiyaya daga ramin, gefen babban yatsa ya soma yin baƙi. Na kira ta hankalina a tashe. Muryarta a sanyaye ta ce, "Alhamdulillah 'yar'uwa, ai dattin ciwon ne yake fitowa, haka yake yi wa kowa. Kada ku kuskura ku kai Mama asibiti, su ba abin da suka iya sai yanka. Ku karɓi roba ta biyu, mai ƙarfin." Wannan karon 18,000 ta ce.

Duk abin da ta yi mana, wannan maganar ce ta fi ƙona min rai. Kuɗin ba su dame ni ba. Ta gane abin da tsohuwa take tsoro, ta kama shi ta riƙe, ta sayi kwanaki da shi. A ciwon ƙafar mai suga kuwa kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Yaya ya ce ba zai jira direba ba, da kansa zai je ya karɓo. Bayan doguwar magiya ta haɗa shi da yaronta a wani lungu. Yaron ya shiga ciki ɗauko saƙo ya bar ƙofa a buɗe, Yaya ya leƙa. Bokitin fenti ya gani cike da man, an soka ƙaramar muciya a ciki, ƙudaje na bin bakinsa. A gefe ga buhu shaƙe da 'yan tiyub irin na man goge baki, duk an matse su tas. Ya sunkuya ya ɗauki guda ya sa a aljihu. A daren nan zazzaɓi ya rufe Hajiya, tana rawar ɗari, tana kiran ƙanwata da sunan 'yar'uwarta da ta rasu tun muna yara. Ƙarfe biyu na dare muka fita da ita.

Likitan da ya karɓe mu ya juya tiyub ɗin a hannunsa, ya karanto mana abin da aka rubuta: clobetasol, ketoconazole, neomycin. Irin mayukan nan ne masu haɗin magani uku da ake samu a kusan kowane kemis. Ya ce, "Malama, abin da ke cikin robar sai an gwada, amma yadda kuka ba ni labari, haka steroid yake yi wa ciwo." Ya zaunar da mu ya yi mana bayani, ni ma daga baya na yi ta bibiya, kuma ina so kowa ya fahimci wannan, don a nan dabarar take.

Clobetasol yana cikin mafi ƙarfin magungunan steroid da ake shafawa a fata. Aikinsa kwantar da kumburi da ja da ƙaiƙayi. To amma kumburin nan da jan nan su ne alamar jiki yana yaƙi da ƙwayoyin cuta. Idan aka shafa shi a buɗaɗɗen ciwo, sai ya kwantar da masu yaƙin, ya hana nama saurin haɗewa, ƙwayoyin cutar kuma su samu fili su yi ƙasa. Ido na ganin sauƙi a sama, ciki na ruɓewa. Neomycin ɗin da ke ciki maganin ƙwayoyin cuta ne da gaske, amma na saman fata ne, ba ya kaiwa ga ciwon da ya nutsa har kusa da ƙashi, balle an tsinka shi da man zaitun a bokiti. Shi kansa yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, idan kuma aka yi ta lafta shi a babban ciwo, jiki na iya zuƙarsa ya taɓa ji da ƙoda.

Ba ina cewa mayukan tiyub ɗin jabu ba ne. Suna da inda likita ke rubuta su, na 'yan kwanaki, ga cutar da ta dace. Zaluncin shi ne a matse su a bokiti, a ɓoye sunansu, a ce saiwar kaka ce, a miƙa wa mai gyambo. Abin da ya fi tayar min da hankali kuma shi ne ƙurajen jarirai da take tallatawa. Fatar jariri siririya ce, tana zuƙar steroid sosai, musamman a ƙarƙashin famfas. Yaro sai kumatunsa su cika, uwa tana murna ya yi ƙiba, alhali maganin ne ya shiga jini. Mai makero kuwa zai ga zoben ya dushe, daga baya ya dawo ya bazu, siffarsa ta sauya har mai duba shi ya sha wuyar gane shi. Wadda ta daɗe tana shafawa fatarta za ta yi laushi ta siranta, nankarwa ta fito mata ko da ba ta taɓa haihuwa ba.

Abin da aka yi wa Hajiya a asibiti babu wani sirri a ciki. An yanke mataccen nama, babban yatsa da na kusa da shi suka tafi. Aka sa mata maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka yi mata allurar tetanus, aka daidaita sugan da insulin. Kullum da safe nas za ta zo da tire, ta wanke ramin da ruwan gishirin asibiti, ta sa aidin, ta rufe da bandeji mai tsabta, tana cewa, "Sannu Mama, an kusa." Kwana 23 muka yi. Kwalbar aidin ɗin da nake saya a kemis ɗin bakin asibiti ko kusa da kuɗin robar farko ba ta kai ba.

Ƙaramin ciwo a jikin mai lafiya, wanki da ruwa mai tsabta da sabulu, a sa aidin, a rufe, yawanci ya wadatar. Idan ƙurji na saman fata ya kama ruwa, akwai mayuka irin su mupirocin da fusidic acid da ma'aikacin lafiya zai ba ka na 'yan kwanaki, a cikin kwalinsu, da sunansu. Ƙunar salansar babur ko ta ruwan zafi, a fara sakar mata ruwa mai sanyi na kamar minti 20, a bar man goge baki da baƙin mai da barbaɗa garin kafso da muka saba. Amma da zarar ja ya fara yaɗuwa, ko wari ya fito, ko zazzaɓi ya shigo, ko wuri ya yi baƙi, maganar shafe-shafe ta ƙare. Mai ciwon suga kuma ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, ranar ya kamata a duba shi. Hajiya da kanta yanzu take cewa, da aminiyarta da ita, jinkiri ne ya ci su.

Matsalar jabun magani ba sabuwa ba ce. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko marar inganci. Mu a Kano mun ga yadda aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, a farkon 2025 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Legas da Anacha da Aba ta kwashe kaya masu yawa. Sai dai irin wannan matar ba ta da shagon da za a garƙame. Shagonta waya ce, ma'ajiyarta bokiti, ɗan aikenta direban tasha da bai san me ya ɗauko ba. Don haka tsaron farko a hannunmu yake. Duk maganin da za a shafa a ciwo, a ga sunan abin da ke ciki, da kamfanin da ya yi shi, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Na gargajiya ma idan an ƙulla shi don sayarwa, doka ta ce sai an yi masa rajista. Lamba kuma ana iya buga ta ƙarya, saboda haka a duba ta a Greenbook, rumbun da NAFDAC ta sa a intanet na kayan da ta yi wa rajista, a ga ko sunan ya yi daidai da abin da ke hannu. Mai guda da aka ce yana maganin gyambo da kyasbi da ƙazuwa gaba ɗaya, a ajiye shi, domin cututtukan nan ba abu ɗaya ke kawo su ba. Wanda duk ya ce maka kada ka je asibiti, ka kashe wayar.

Yaya ya kai robar da tiyub ɗin ofishin NAFDAC, ya haɗa da lambar asusun da muka tura kuɗi, wanda ma sunan wani namiji ne a kai. Mai sayar da man kuwa tun ranar da na tura mata hoton Hajiya a gadon asibiti ta toshe lambata. Da Yaya ya koma lungun, ɗakin a kulle yake.

Satin da ya wuce ƙanwata ta ci karo da ita a TikTok da sabon suna, roba ɗaya, murya ɗaya. A cikin hotunan shaidar da take nunawa akwai wata ƙafa a kan shuɗiyar darduma, da ragowar lalle a farce, an rubuta a ƙasa wai ta warke cikin kwana huɗu. Idan kun gan ta, ƙafar Hajiyarmu ce, ni na ɗauki hoton, kuma biyu daga cikin yatsun da kuke gani a ciki yanzu babu su.