Man gyaɗa, manja ko man shanu: wanne za ki zuba a tukunya?

Idan kuɗin cefane ya yi ƙasa, a wajen mai ake fara sassautawa. A nuna kwalbar da ta fi arha, a biya, a wuce. Alhali da wuya rana ta fito ta faɗi ba a zuba mai a tukunyar gida ba, don haka ya kamata uwargida da maigidan da ke yo cefanen su san abin da suke biya wa kuɗi.

Jiki ba ya iya rabuwa da maiƙo. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum lulluɓe take da wani siririn tantani wanda aka gina da maiƙo, kuma shi ke tantance abin da zai shiga cikinta da wanda zai fita. Bitamin A da D da E da K kuwa ba sa narkewa a ruwa, sai a mai. Hanta ke haɗa ruwan ɗacin nan da maɗaciya ke ajiyewa. Da zarar abinci mai maiƙo ya iso ƙaramin hanji, sai ta zubo shi ya farfasa man ƙanana-ƙanana, hanji ya tsotse shi tare da bitamin ɗin. Shi ya sa kwaɗon zogale da aka yi da ƙuli da ɗan mai ya fi dafaffen ganyen tsura amfanar jiki. Sai dai giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki), na sitaci kuma 4 ne kacal. Babban cokali ɗaya ya kai kalori 120. Mai zuba mai da ludayi sai ta yi wannan lissafin.

Abin da ya raba man girki gida biyu shi ne yawan kitse mai daskarewa da ke cikinsa. Irin wannan kitsen, idan ya yi yawa, yana ɗaga mugun kwalastarol, wani nau'in maiƙo da ke yawo a jini, wanda a hankali yake taruwa a bangon jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana.

Man gyaɗa na gaskiya yana cikin masu sauƙi ta wannan fuskar, domin kitse mai daskarewa bai kai kashi ɗaya bisa biyar na cikinsa ba, ga shi yana jure wuta wajen suya. Matsalar ita ce da yawa daga abin da ake aunawa a kasuwa da sunan man gyaɗa bai taɓa ganin gyaɗa ba. Manja ne aka tace a masana'anta, aka cire masa launi da ƙamshi. Ki juya jarkar ki karanta: in kin ga an rubuta palm olein, to shi ne. In babu takarda, sanyin hunturu zai tona asiri, domin irin wannan man ne ke yin barci, ki wayi gari ki tarar ya yi fari-fari ya kwanta a gindin kwalba. Ba guba ba ne, ana ci lafiya lau, amma kitsensa mai daskarewa ya ninka na gyaɗa, kuma bai dace ki biya kuɗin man gyaɗa a kansa ba.

Man gyaɗan masu ƙuli ya fi kowanne ƙamshi, digo kaɗan ya isa garau-garau ya yi armashi. Abin lura a nan gyaɗar ce. Wadda aka adana da danshi tana yin fumfuna mai fitar da dafin afilatoksin, wanda ke lalata hanta sannu a hankali, kuma suya ba ta kashe shi. Tacewar masana'anta tana kawar da mafi yawansa, matsar gida kuwa ba ta yi. Don haka ki sayi na hannu wajen wadda kika san tana tsince gyaɗarta, tana zubar da ruɓaɓɓu da ƙanƙanannun da suka motse.

Manja shi ne wanda aka fi yi wa rashin adalci. Gaskiya ne kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa. Amma jan launin nan nasa karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A ya ajiye a hanta, kuma ƙarancin bitamin A ne ke kawo dundumi, yana kuma raunana garkuwar jikin yara. Cikin abincin da talaka ke iya saye kullum, kaɗan ne suka kai manja wannan arziki. Ɓarnar tana faruwa ne a kan murhu: a ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi, gida ya turnuƙe, ya koma fari. Duk abin da aka saye shi dominsa ya ƙone ke nan, saura kitsen. A narkar da shi kawai da albasa a zuba kayan miya. Wajen saye kuma a guji wanda jansa ya yi yawa har yana rina yatsa kamar lalle, domin akwai masu zuba masa rini. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta gano rinin Sudan IV a manjan kasuwannin ƙasar. Manja mai kyau ja ne mai ɗan ruwan lemo, ba ya wari, ba ya maƙaƙi a wuya.

Man waken soya na jarka yana cikin masu ƙarancin kitse mai daskarewa, kusan kashi 15 cikin 100, kuma yana da omega 3 da omega 6, wasu nau'o'in kitse da jiki ba ya iya ƙera su da kansa. Rauninsa shi ne saurin lalacewa idan ana maimaita suya da shi. Tun 2002 doka a Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a man girki na masana'anta. Ki nemi tambarin ido da lambar NAFDAC a jikin jarkar. Hasken rana yana kashe wannan bitamin, saboda haka man da ya wuni a farar kwalba a bakin titi ya riga ya yi asara.

Man shanu fa? Ba wanda zai raba Bahaushe da shi a kan tuwo da miyar kuka, kuma yana da nasa bitamin A. Amma kitsensa mai daskarewa ya haura kashi 60 cikin 100, ya fi na manja. Ƙaramin cokali a saman miya ya wadatar, ba a yi suya da shi ba. Man zaitun kuwa yana da kyau, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin tukunyar yau da kullum, kuma kitse marar daskarewa da ake yabonsa dominsa shi ne ya fi yawa a man gyaɗa ma.

In da ni ce da kuɗin kwalba biyu, ɗaya manja zan saya don miya, ɗaya man gyaɗa na gaskiya ko na soya don suya. Wanda aka yi tuyar ƙosai ko awara da shi kuma, da zarar ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, a daina tace shi ana mayarwa kasko.