Yawon yini ɗaya a Badagry: ɗan jagoran ya ci kuɗinsa, tsarin lokacin ne da gyara

Wanda ke zaune a Legas ko ya zo baƙunta, kuma yana son ganin Badagry, tsohuwar tashar cinikin bayi da ke gaɓar teku, ba tare da wahalar neman mota da cinikin kwalekwale ba, zan ce ya bi irin kamfanonin nan masu shirya yawon yini ɗaya. Mu da ɗaya daga cikinsu muka je ranar Asabar, ni da iyalina da kawuna da ya zo daga Katsina. Kuɗin da muka biya ya haɗa da bas mai sanyi, kuɗin shiga wurare, tsallaka ruwa da abincin rana, kuma ba a sake neman ko kwabo daga wajenmu ba. Zan iya komawa da su, amma da sharaɗi.

Mun tashi bayan sallar asuba, kuma hakan shi ne daidai, domin hanyar Mile 2 zuwa Okokomaiko da Agbara ba ta da tabbas idan gari ya waye. Direban mai natsuwa ne, motar da tsabta. A Badagry muka tarar da ɗan jagoranmu, matashi ɗan ƙabilar Ogu, haifaffen garin. Yana bayani da Turanci, yana gauraya da buroka don kowa ya gane, ni kuma ina juya wa Kawu da Hausa. Bai taɓa nuna ƙosawa da jiran da hakan ke jawowa ba.

Mun fara da gidan tarihi na garin, ginin da aka yi a 1863, sai benen 'yan mishan da aka kammala a 1845, inda ake nuna ɗakin Samuel Ajayi Crowther, limamin Kirista Bayarabe, da tsohon Baibul na Yarbanci. Da ɗan jagoran ya ce wannan ne bene na farko a Najeriya, Kawu ya taɓa ni ya ce in gaya masa hasumiyar Gobarau ta daɗe a tsaye kafin nan, kuma Kano na da benayen ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Na faɗa masa. Yaron ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, gaskiyarku ne, irin ginin Turawa ake nufi." Daga nan ya shiga raina. Ɗan jagoran da ke karɓar gyara a gaban jama'a ba kullum ake samunsa ba.

Inda aikinsa ya fi fitowa shi ne gidan Seriki Williams Abass, wato kurkukun bayi mai ɗakuna 40. An buɗe mana ɗaya muka shiga. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, iska sai ta wata ƙaramar kafa a can sama, kuma ya ce mutum 40 ake cusawa a ciki har jirgi ya iso. Bai yi ta surutu ba, ya bar mu muka tsaya shiru na ɗan lokaci. Sannan ya kawo sarƙar wuya da mari, ya ce wanda ke so ya ɗaga ya ji nauyi. Babban ɗana ya ɗaga da hannu biyu ya ajiye da sauri. Ya nuna mana laima da kwalabe da tangaran, yana faɗin adadin mutanen da aka ce an bayar a kan kowanne. Shi kansa Abass an taɓa bautar da shi har Birazil, ya dawo ya shiga cinikin, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Ɗan jagoran bai ɓoye mana wannan ba don ya ga mu Musulmi ne, bai kuma yi amfani da shi ya soke mu ba. Ya faɗi abin yadda yake, kuma haka ya kamata.

Abin da na so ya ƙara, kuma na gaya masa, shi ne labarin mutanenmu. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa da yaƙe-yaƙe suka jefa hannun fatake, aka kai su Bahiya a Birazil. Hausawa ne suka shirya tawayen da aka gano a can a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salbado cikin azumin 1835, waɗanda aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Haka kuma daga Badagry ne Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zai je wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma Baturen ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Ɗan jagoran ya san labarin baran Clapperton, Richard Lander, wanda aka sa ya sha guba a garin bisa zargin leƙen asiri kuma ya tsira, amma bai san daga Sakkwato yake dawowa ba. Ya ciro waya ya rubuta.

Yanzu ga sharaɗin. Kamfanin ya ajiye tsallakawa tsibirin Gberefu, inda a da ake fitar da bayi zuwa jirgi, sai da rana ta take, alhali wannan shi ne zuciyar tafiyar. Daga bakin Marina ake shiga kwalekwale mai inji, 'yan mintoci an haye, kuma an ba kowa rigar kariya har da ta yara, wannan na yaba. Amma daga nan tafiyar ƙafa ce a cikin yashi har bakin teku, hanyar da bayi suka bi a ɗaure, kuma inuwa kaɗan ce. A tsakiya akwai rijiyar da mutanen garin ke cewa an riƙa shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Kawu ya kai ƙarshe da ƙyar, yana dogara da kafaɗata. Da muka isa wurin da ake kira Ba Dawowa, teku na dukan gaɓa da ƙarfi, babu komai a gabanka sai ruwa, sai wakilin kamfanin ya fara duba agogo yana kiran mu koma. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Wuri ne da mutum ke so ya zauna, ya yi wa waɗanda suka wuce addu'a, ya amsa tambayoyin yara. Kawu bai ko shafa fatiha ba aka ce a tashi.

Gaggawar kuwa don a kai mu bakin tekun Suntan ne, a hanyar iyakar Seme. Wurin na da kyau: bishiyoyin kwakwa, rumfunan ciyawa, dawakin haya, ana fasa maka ɗanyar kwakwa ka sha ruwanta nan take. Yara sun yi wasa sun more. Sai dai igiyar ruwan nan ba ta wanka ba ce, tana da ja, kada a bar yaro ya wuce idon sawu. Abincin rana dafa-duka ne da soyayyen kifi, ya zo da ɗumi kuma ya ishe mu. Lokacin salla babu shi a jadawalinsu, sai da muka nema, muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa muka yi azahar a makare.

Don haka kafin ka biya, ka nemi su fara da Gberefu da sanyin safiya, gidajen tarihi su biyo baya tunda suna da rufi, kuma su rubuta lokacin azahar da la'asar a cikin tsarin. Idan da dattijo a tare da kai, ka tambaya ko za a tanadar masa babur a tsibirin. A riƙe ruwan sha fiye da wanda suke rabawa, da malfa ko laima, da takalmin da yashi ba zai cika ba, da katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro na wannan hanya. A ware ɗan abin da za a ba ɗan jagora a hannunsa, domin ba ya cikin kuɗin kamfani.