Yawon jirgin ruwa: Nilu, Dubai ko Turai, wanne ya dace da mutumin Damagaram?

Tun da na dawo daga yawon jirgin ruwa ba a bar ni na huta ba a shago, duk wanda ya biyo ta Kasuwar Dole sai ya tsaya ya miƙo min salula yana nuna hoton wani ƙaton jirgi, Alhaji wai da gaske ne da yuro 399 mutum zai yi sati guda a cikin teku yana ci yana sha yana kwana? To gaskiya ne kuma ba gaskiya ba ne. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka, kenan 399 ɗin nan wajen jaka 262 ne, kuɗin da bai kai na tsohon babur ba, shi ya sa idon kowa ke buɗewa. Amma wannan kuɗin ƙofa ne kawai, na shiga gida daban.

Farko dai farashin da suke rubutawa na mutum ɗaya ne idan ku biyu ne a ɗaki. In kai kaɗai ne za su ɗora maka kusan kuɗin gadon da babu kowa a kai. Kuma ɗakin da ake nufi shi ne na can ciki, wanda ba taga ko ɗaya, in ka kashe fitila ba ka san dare ba ba ka san rana ba, ni sai da na sa salula ta riƙa tada ni sallar asuba. Bayan shi akwai mai taga wadda ba ta buɗuwa, sai mai balkon, sai na manya. Daga nan sai kuɗin ma'aikata da ake cirewa kowane dare a kan kowane mutum, a manyan jiragen Turai irin MSC da Costa yana tsakanin yuro 10 da 15, ka lissafa kai da uwargida dare 7, kun kashe wajen jaka ɗari ko fiye ba ku sha ko lemo ba. Lemon ma saye ne, intanet saye ne, sauka yawo a gari da motar jirgi saye ne. Abin da ya fi ba ni dariya ruwan kwalba, mu da muka taso muna jiran ƴan ga-ruwa a Zango, na zo tsakiyar teku ruwa gabas ruwa yamma kuma ana sayar min da shi. A wurin bufe dai akwai na kyauta da shayi da kofi, can nake cika cikina.

Kuma don Allah da jirgi ya bar gaɓa ka kashe data. Akwai wani rezo na cikin teku da salula ke kamawa da kanta, kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne. Mu nan abin da ke yanke magana biza ce da biyen jirgin sama, ba jirgin ruwan ba. Bature yana fitowa daga gidansa ya hau jirgin ƙasa awa uku yana bakin teku, kai kuwa daga Damagaram sai ka zauna cikin kar wajen kilomita 900 zuwa Yamai, ko ka bi ta Matamaye ka faɗa Kano wadda ta fi kusa nesa ba kusa ba, sannan ka tashi, kuma sau da yawa biyen nan kaɗai ya ninka kuɗin ɗakin jirgin ruwan. Ni na koyi wannan da kuɗina. Karon farko wani mai ajans ya ce min rangwamen zai ƙare jibi, in biya yanzu biza ba matsala, na biya rabi ba tare da na karanta sharaɗin fasawa ba, biza ba ta fito ba, jirgi ya tafi abinsa, abin da ya dawo hannuna bai kai kuɗin ragon suna ba. Uwargida har yau in muna gardama sai ta ce wanda ya sayi ɗaki a teku bai kwana ba.

To bari mu bi hanyoyin uku ɗaya bayan ɗaya. Bahar Rum ita ce wadda hotunanta suka fi yawo, kuma ba ƙarya tana da kyau. Zagayen da aka fi sayarwa na dare 7 ne, Barsalona, Marsey, Jenowa, sai tashar da ake sauka a je Rum, sai Nafoli ko tsibirin Malta. Abin da ba a faɗa maka shi ne jirgi ba ya shiga Rum, tashar tana da wajen kilomita 80 daga birnin, kenan cikin awannin da aka ba ka zuwa da dawowa sun cinye kusan uku. Benis ma tun 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyarta, sai su tsaya can nesa a ɗauko ku. Daga Nafoli ana zuwa Pompeyi, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, wannan kam ƙanena da ke zaune a Marsey ya ce ko shi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Amma sai da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, kuɗin neman ta yuro 90 ne kuma in an hana ka ba a mayarwa, ga asirans na lafiya da dole ya kai yuro 30,000, ga takardun banki, ga shi Faransa ta rufe ambasad ɗinta a Yamai tun farkon 2024. In jirgin zai leƙa Tunis ko Turkiyya ya dawo, biza mai shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba. Ni a ganina wannan hanyar ta wanda ya riga yana da bizar a fasfo ce, ɗan kasuwa mai zuwa Turai ko mai ɗa a can. Wanda bai taɓa fita ba kar ya fara da ita. Na Amurka da ke tashi daga Mayami kuwa, irin Icon of the Seas mai tsawon mita 365 da ya fara aiki a 2024, a kalla a salula ya isa.

Na biyu shi ne na Dubai, wanda muka yi. Ana yin sa lokacin sanyi ne, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, daidai da hunturunmu, in zafi ya shigo jiragen sai su koma Turai. Ana tashi daga Dubai, a tsaya Abu Dabi, da tsibirin Sir Bani Yas mai barewa da raƙumin dawa, da Doha, wasu su ƙara Bahrain ko Maskat. Daɗinsa ga namu mutanen da yawa sun san Dubai wajen sarin kaya, sai ka haɗa tafiya ɗaya, sati guda hutu sannan kwana uku a Dera, unguwar kasuwannin Dubai, kana ɗaure kaya. Ruwan can kwance yake yawanci, ba ya jijjiga mutum, kuma duk inda ka sauka akwai masallaci akwai abincin halal ba sai ka tambaya ba. Masallacin Shehu Zayid na Abu Dabi da aka buɗe a 2007 mai ƙubba 82, shiga kyauta ne, ka yi rajista ta intanet ka ɗauki taksi, kar ka biya jirgi kuɗi mai yawa don shi. Burj Khalifa mai mita 828 kuwa hawa da kuɗi ne, in aljihu ya yi sanyi kallon ta daga ƙasa ma ya ishe ka ciwon wuya. Inda za a kula, jirgin fita yake yi daga ƙasar ya sake shigowa, dole bizarka ta zama mai shiga da yawa, kuma Katar da Oman da Bahrain kowa da dokarsa ga mai fasfon Nijar, ka sa ajans ya rubuta maka ƙasa-ƙasa abin da ake buƙata. Sannan ka saurari labarai kafin ka biya, yankin nan in ya yamutse kamfanoni soke tafiya suke yi, kamar yadda da yawa suka daina bi ta Bahar Maliya tun ƙarshen 2023.

Cikin jirgin kansa fa Turai ne ko da yana yawo a ƙasar Larabawa. Akwai giya, akwai gidan caca, akwai masu kwanciya bakin pisin da kayan da ba zan iya kwatantawa ba, Hajiya rana ta farko ko hawa saman ba ta sake yi ba. Nama mun bar shi mun koma kifi da shinkafa da ganye da burodi, kuma ko miya ce sai mun tambaya ko an sa giya ko naman alade. Wanda wannan zai dame shi ya duba Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba giya ba caca, abinci halal, akwai wurin salla. Alƙibla kuwa a kowane jirgi juyawa take yi da juyawarsa, ni kafin in tada kabbara nake duba salula in fuskanta in yi abina.

A Maskat ne muka kusa kwana a waje. Kasuwar Matra tana nan kusa da tasha, uwargida ta samu mai lubban da turaren wuta ta zauna ciniki kamar a Dole, yana cewa riyal biyar tana cewa biyu, ni ina tsaye da leda uku ina duba agogo ina cewa Hajiya ki tashi, tana cewa saura kaɗan ya sallama. An rubuta kowa ya kasance ciki rabin awa kafin tashi, mun iso ana shirin janye tsani, gumi ya jiƙa min babbar riga. Jirgi ba kar ɗin Tanut ba ne da za a ce direba tsaya akwai mai fitsari, in da kanka ka fita yawo ba ya jiran ka, sai ka bi shi gari na gaba da kuɗinka. Waɗanda suka fita da motar jirgi su ake jira, wannan shi ne kawai amfanin tsadarta, don haka wuri mai nisa bi su, wuri na kusa tafi da ƙafarka. Kuma ka bi agogon jirgi, don Doha tana bayan Dubai da awa ɗaya, salula na iya ruɗa ka.

Na uku kuma wanda in ɗan uwana ne ya tambaye ni shi zan ce ya fara da shi, kogin Nilu. Biza ɗaya ƙasa ɗaya, EgyptAir na tashi daga Kano zuwa Alƙahira, daga can jirgin sama awa guda ko jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor. Tafiyar tsakanin Luksor da Aswan ce, dare 3 ko 4, jiragen ƙanana ne masu hawa huɗu ko biyar, kusan kowane ɗaki da taga, ba igiyar ruwa ba jiri ba amai, kana zaune gaɓa biyu na wucewa da dabino da rake da jakuna da yara suna ɗaga hannu, lokacin salla ya yi ka ji kiran salla daga hagu da dama. Ga wanda tunda yake bai taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwale ba, hankali ya fi kwanciya a nan don ƙasa ba ta ɓace maka. A Luksor akwai Karnak, ƙaton wurin bautar zamanin fir'auna, da Kwarin Sarakuna inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922, kuma a tsakiyar tsohon ginin fir'aunan garin akwai masallacin Abul Hajjaj da har yau ake salla a ciki. Edfu da keken doki ake kai ku, a Kom Ombo akwai gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin, a Aswan ga madatsar ruwan da aka gama a 1970. Abu Simbel mai manyan gumakan fir'auna na da wajen kilomita 280 kudu da Aswan, tun kafin asuba ake tashi kuma yawanci ba ya cikin kuɗin, ka tambaya.

A Esna inda jirage ke layi su ratsa ƙofar ruwa, ƴan talla ke zuwa cikin ƙananan kwalekwale su ɗaure jikin jirgi, su ƙulla jallabiya a leda su wurgo ta har hawa na sama, in kana so ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu in ba ka so ka mayar, ana ciniki da ihu daga sama zuwa ƙasa. Na ce lallai Bahaushe yana da ƴan uwa a nan. Aibinsa kuwa bakshish, kowa ya taɓa maka jaka sai ya miƙo hannu, ka tanadi canji. Jiragen kuma jere suke kwana gefe da gefe, sai ka buɗe labule ka ga tagar wani, kuma tauraro biyar ɗin da suke rubutawa ba duka ne biyar ba, ka nemi sunan jirgin takamaimai ka duba hotunan da matafiya suka ɗauka ba na kamfani ba. Lokacinsa Oktoba zuwa Afrilu, in ka ga farashi ya faɗi warwas a Yuli zafi ne ya kore mutane, ko da yake wanda ya sha watan Afrilu a Damagaram ba Aswan ce za ta ba shi tsoro ba.

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6, karnen rigakafin shawara yana cikin jaka, maganinka na hawan jini ko sukari a hannu ba a balis ba, don likitan jirgi da kuɗi yake gani. Mai ciki da ya kai sati 24 manyan jiragen teku ba sa ɗauka, jariri ma yawanci sai ya yi wata 6. Mai jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiya kuma ƙasa-ƙasa. Ka je da katin banki mai aiki a waje, ana riƙe wani abu a kansa ranar shiga, a Masar ma wuraren tarihi da yawa yanzu da kati ake biya. Kuma ka sauka garin da jirgi zai tashi kwana guda kafin ranar, otal ɗin dare ɗaya ya fi ka iso ka tarar da ruwa kawai.

Mu dai bana Nilu za mu koma da Inna in Allah ya yarda, ta ce sharaɗinta ɗaya, a bar ta ta tafi da garin furarta da butarta.