Mai bawul ko mai tiransisto: wacce sabon shiga zai fara saya?

Malam, barka da shigowa wannan sha'awa tamu ta gyaran tsofaffin rediyo, mai cin aljihu. Ka ce an yi maka tallar rediyo biyu, kuɗin ɗaya kake da shi. Ɗaya Grundig ce ta katako, ƙirar ƙarshen shekarun 1950, mai jerin maɓallan dannawa a gaba da kwalaben gilashi a ciki, waɗanda masu gyara ke kira bawul, kuma mai ita ya ce ta shekara da shekaru ba a kunna ta ba. Ɗayar National Panasonic ce ta shekarun 1970, mai tiransisto maimakon bawul, mai hannun ɗauka, mai cin manyan batura huɗu, tana magana amma muryar a shaƙe, in an murɗa ƙara sai ta yi ta ƙoƙo-ƙoƙo. Ka kuma ce ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, koyo kake so ka yi.

Ɗauki National ɗin. Ba don ta fi Grundig daraja ba, ko kusa. Dalilin shi ne ita za ta yafe maka kuskure, waccan kuwa ba ta yafiya.

Batura huɗu bolt 6 ke nan. Ka buɗe bayanta tana kunne, ka sa yatsa duk inda ka ga dama, iyakar abin da zai faru ka ji tana gurnani a sifika. In tana da igiyar wuta ma, zare ta ka yi aikinka da batir. Grundig kuwa taransifomarta ɗaga wuta take yi zuwa bolt 250 ko sama da haka, domin bawul ba ya aiki da ƙaramar wuta, kuma babbar kafasitar da ke tace wutar, wato ma'ajiyar wuta ta cikin rediyon, tana iya riƙe ta bayan an zare soket. Mutum ya ga rediyo a kashe, ya miƙa hannu, ta make shi. Akwai ma wasu tsofaffin na Turai da aka yi ba taransifoma don a rage tsada, irin Bush DAC90A ta Ingila da ta fito a 1950. A irinsu ƙarfen da aka ɗora kayan a kai haɗe yake kai tsaye da ɗaya daga cikin wayoyin wutar gida, in ka juya filogi ƙarfen gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Alamar da za ka gane su da ita lambar bawul ɗin: in ta fara da U, kamar UL41 ko UY41, janye hannunka. Grundig irin wadda ka kwatanta galibi masu fara wa da E ne a cikinta, ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EL84, wato akwai taransifoma. Ta fi waccan sauƙi, amma bolt 250 ɗin na nan daram.

To amma gaskiya ɗaya da ke ba sababbi mamaki: wajen fahimta, mai bawul ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Komai nata manya ne, a sarari, an ɗaura waya daga wannan ƙafa zuwa waccan, kana iya bin sauti da ido tun daga eriya har sifika. Kuma ciwonta sananne ne. Mutane suna ɗauka bawul ne ke mutuwa, sai su bazama neman bawul. Sau tari bawul ɗin lafiyarsu ƙalau. Masu laifin su ne ƙananan kafasita na takarda da aka shafe da kakin zuma ko kwalta, waɗanda shekaru da laima suka sa suna yoyon wuta. A cikinsu akwai ɗaya da ta fi kowacce haɗari, wadda ke tsakanin EABC80 da EL84. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta. In ta tsufa sai ta riƙa sakin wutar tana shiga inda bai kamata ba, EL84 ya yi ta jan wuta fiye da kima, ya yi zafi har cikinsa ya yi ja, daga nan taransifomar sifika ta ƙone. Abin takaicin, rediyon tana iya yin magana daɗi-daɗi na wasu mintuna kafin hakan, mai ita yana murna. Kafasitar da za ta hana wannan ɓarna ba ta kai kuɗin lemon kwalba ba, ka nemi ta roba mai jure bolt 630 mai lamba ɗaya da tsohuwar. Taransifomar da ta ƙone kuwa sai dai ka samo wata matacciyar rediyo ka cire, ko ka kai wa masu naɗin waya su gwada sa'arsu.

Shi ya sa nake roƙonka, ko ba za ka saya ba, ka ce wa mai Grundig ɗin nan kada ya jona ta don ya nuna maka tana aiki. Masu wannan harka ba sa kunna rediyon da ta daɗe a ajiye sai ta cikin ƙwan fitila. Ana yanke waya ɗaya ta igiyar wutar a sa ƙwai mai wat 60 ko 100 a tsakani, irin na da mai zaren ƙarfe a ciki, ba na zamani mai rage cin wuta ba, wannan ba ya yi. In ƙwan ya haska ya dushe ya koma ja-ja, da dama-dama. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke haɗuwa, kuma ƙwan ne ya shanye ta maimakon taransifoma. Sannan a duba bayanta, akwai ɗan faifai na zaɓen wuta mai lambobi irin 110, 127, 220, 240. A ƙasarmu sa shi a 240.

National ɗinka kuma fa? Alamomin da ka faɗa duk na tsufa ne, ba na mutuwa ba. Ƙoƙo-ƙoƙon nan ƙurar hunturu ce ta shekaru ta taru a cikin abin murɗa ƙara da makunnin sauya zango, feshin wanke kayan lantarki da murɗawa sau da yawa yakan kore ta. Shaƙewar murya kuma yawanci ƙananan kafasita ne masu kama da gwangwani suka bushe, ana samun sababbinsu a Sabon Gari ko wurin duk mai gyaran talabijin, kuma canza su shi ne darasin dalma mafi kyau da za ka samu: kowace tana da ƙafar da aka yi wa alama, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire, ka mayar yadda ka tarar. Abin da ya fi kashe irin waɗannan rediyo shi ne batir da aka manta a ciki ya zubar da ruwa. Buɗe gidan batir tun a gaban mai ita. Tsatsa a kan sifirin abu ne mai sauƙi. In ruwan ya gangara ya ci layukan tagulla na allon ciki, rage kuɗin sosai.

Gargaɗi biyu a kanta. A kan allon za ka ga wasu ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne da kai mai tsaga da aka shafa wa fenti, ja, rawaya, fari, baƙi. Suna kiran sukuddireba kamar me. Kada ka taɓa su. An daidaita su tun a masana'anta, ba sa kwancewa da kansu, kuma rabin rediyon da ake kawowa an ce "ba ta kama tasha" wani ne ya ɗaure su tamau yana zaton kusoshi ne suka saki. Na biyu, in za ka sa mata adafta, duba zanen da ke gefen ramin. Rediyon Japan da yawa na wancan zamani tsakiyar filoginsu ne ɓangaren mai alamar ragi (−), akasin yawancin adaftocin yau. In ka juya, tiransisto ba ya ba da sanarwa, nan take yake tafiya.

Sai maganar abin da za ka saurara, wanda masu saye don ado kan manta. Grundig da aka yi wa kasuwar Jamus a shekarun 1950 FM ɗinta a 100 take tsayawa, na shekarun 1960 suka kai 104. In a Kano kake, za ka kama Dala a 88.5 da Arewa a 93.1, Freedom a 99.5 tana can bakin gaɓa, Pyramid a 103.5 kuwa sai dai labari. Waɗanda aka ƙera don a sayar a ƙasashe irin namu ma sau da yawa ba FM sam, gajeren zango ne jere da matsakaicin zango, domin a lokacin abin da ake saurare ke nan. BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Jamus ta biyo a 1963, duk a kan mita ake laluben su. Yau kuwa manyan tashoshin waje suna ta rage sa'o'insu a gajeren zango suna komawa FM da waya. National da aka yi don fitarwa tana da 88 zuwa 108 cif. Amma duba gilashin da kyau: in ka ga 76 zuwa 90, ta cikin gidan Japan ce, kusan duk tashoshinmu sun fi ƙarfinta, kuma wutarta bolt 100 ce.

Ga kuma halin wutarmu. Mai bawul tana cin wat 50 zuwa 60, tana son wuta tsayayya, ba ta shiri da ƙaramin janareta mai hawa da sauka, ƙaramar inbata kuma sa taransifomarta kuka take yi. Caja da ƙwayayen zamani da inbata duk suna watsa hayaniya a matsakaici da gajeren zango. Mai National sai ya ɗauki abarsa ya fita tsakar gida, ya zaro eriya, hayaniyar ta ragu. Mai Grundig yana nan inda soket yake, sai ya ja doguwar waya zuwa bishiya.

Inda Grundig ta yi wa National fintinkau shi ne murya, kuma ba na jin akwai mai musu. Babbar sifika a cikin akwatin katako, wasu har da ƙanana a gefe da gefe, ga EL84 yana tura ta. Ka danna maɓalli, shiru na kusan rabin minti, koren idon nan na gaba ya fara haske, sannan murya ta taso a hankali, mai kauri, kamar mai labaran yana ɗakin. Roba da ƙaramar sifika ba za su taɓa ba ka wannan ba. Kuma a bayanta akwai rami mai alamar TA, na jona garmaho, wanda mai gyara zai iya haɗa maka da waya ka saurari abin da kake so. Wannan ya fi abin da wasu ke yi na kwashe kayan cikin su zubar su cusa Bluetooth, wanda ni dai ɓarna nake kiransa. EL84 har gobe ana ƙera shi saboda masu amfilifayar jita, sauran kuma akwai ragowar tsohon kaya, sai dai daga waje za ka yi oda.

In zuciyarka ta ƙi rabuwa da ita, je ka duba abubuwan da kuɗi ba sa sayowa. Gilashin gaba mai sunayen birane, in ya fashe da wuya ka samu wani, kuma kada a goge bayansa da ruwa, rubutun bin tsumma yake yi. Ƙwanƙwasa katakon ta ƙasa ka ji ko gara ta shiga. Leƙa da tocila ka ga ko ɓera ya ci takardar sifika, ko zanzaro ya yi gini tsakanin faranten neman tasha. Sa hanci kusa da taransifoma, ƙauri ba ya ɓuya ko bayan shekaru. In duk waɗannan lafiya, ba shi wani abu na kafin alƙalami, ka roƙe shi ya ɗora ta kan kabad nesa da danshin ƙasa, ya naɗe igiyarta ya ɗaure. Ranar da za ka buɗe ta, nemi tsohon mai gyara da ya yi zamanin talabijin mai ƙusumbi ya zauna kusa da kai, domin su suka san yadda ake sauke wutar kafasita kafin a sa hannu.