Hattara da masu tallar injin wanki wai mai rage cin wuta

Jama'a don Allah ku karanta ku tura wa 'yan uwa. Akwai wasu da ke tallar injin wanki a Facebook da WhatsApp, wai sabo dal ne mai inbata (wato moto na zamani mai tsimin wuta), ba ya cin wuta ba ya shan ruwa, kuma a farashin da ko na hannu ba ka samu haka. A ƙasan tallar sai ka ga "kwastomomi" suna ta zuba yabo, wannan ta ce kuɗin wutar gidanta ya ragu rabi, wancan ya ce shekara biyu ko tari injin bai taɓa yi ba. Ku leƙa shafukan masu yabon nan, hoto ɗaya ne kawai, ba abokai ba komai, kuma da ganin rubutun ka san hannu ɗaya ne.

Yayata ce ta faɗa hannunsu. Ta tura kafin alƙalami, aka kawo mata injin da magariba, direba na ta azalzala wai a cika masa kuɗi zai wuce. Da gari ya waye ta ɗaga ninkin robar bakin ƙofa sai ga baƙin datti ya kama ciki, matatar da ke ƙasa kuwa cike da gashi da zare har da maɓallin rigar wani. Mai gyara ya buɗe baya ya ce mata Hajiya wannan ai tsohon moto ne mai buroshi, inbatar a sitika kawai take. Notunan da ke riƙe gangar sabon inji saboda ɗauko shi ma babu su, lambar inji kuma an kankare. Ta kira mai kaya, ya yi bulokin ɗinta.

Abin da ya fi ƙona min rai sitikar nan ce, A+++ ɓaro-ɓaro a gaba, wato alamar ƙarancin cin wuta, wai samfurin bana ne. Alhali tun watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta daina sa wa injin wanki wannan alamar, yanzu daga A zuwa G ne, kuma takardar gaskiya tana da QR a sama, in ka haska da waya zai kai ka EPREL, rumbun bayanan kayan wuta na Tarayyar Turai, ka ga sunan kamfani da lambar samfuri, da wutar da yake ci a wanki 100, da litar ruwa a wanki ɗaya. In abin da ya fito bai yi daidai da lambar jikin inji ba, to wallahi ka riƙe kuɗinka.

Kuma masu injin na gaskiya ba haka suke magana ba. Za su gaya maka tsarin wanki mai tsimin wuta da ake kira eco 40-60 yana ɗaukar awa uku ko fiye, har wasu na ƙorafi, don yana rage zafin ruwa ne ya tsawaita lokaci, kuma dama dumama ruwa shi ke cinye mafi yawan wutar wanki. Sauƙin ana ganinsa, amma inji ɗaya ya raba kuɗin wutar gida biyu? Ƙarya ce tsagwaronta.

Kar ka biya ko sisi sai an jona shi a gabanka, ya ɗebi ruwa ya juya ya matse, kuma a ba ka rasit da takardar garanti mai lambar da ke jikin injin. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya hanzarta sanar da bankinsa da shaidar turawa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma yi rifot ɗin shafin. Mun lura sun canja wa shafin suna, amma hotunan da masu yabon duk su ne dai.