Daga Jamus: Mun Biya Kuɗin RAM Mai Gudu, Muna Tafiyar da Shi a Hankali

Masu haɗa kwamfuta na Wunti da Yelwa, da ƙannena ɗaliban ATBU masu zanen gini da tace bidiyo, ina gaishe ku daga Jamus.

Kayan da ake sayarwa a nan ba su fi namu wani asali ba. RAM dai, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, shi ne irin wanda ke zuwa mana ta Legas da Kano, ƙwayoyin da ke jikinsa kuma galibi na Samsung ne ko SK Hynix ko Micron. Inda suka yi mana fintinkau shi ne wajen miƙa kaya. Akwai wani ɗan shago a unguwar da nake, idan sun haɗa maka kwamfuta ba ka tafiya da ita a ranar. Kwana take yi a kan tebur da filashi a jikinta, MemTest86, manhajar gwada RAM, yana ta zagaye. Washegari a miƙo maka ita da takarda: gudu 3600, wuta bolt 1.35, zagaye huɗu, kuskure babu, ga sa hannun wanda ya gwada. Mai shagon bai ɗauki wannan wata alfarma ba, a wurinsa ciniki bai faɗa ba sai da takardar. Mu kuwa da Windows ta buɗe, shi ke nan, "Alhaji ga kayanka, Allah ya sa albarka." Wannan abu yana ci min rai, domin ba basira suka fi mu ba.

Ga asarar da muke jawo wa mutane. RAM ɗin DDR4 da aka rubuta wa 3200 ko 3600, musamman mai rigar ƙarfe, idan ka soka shi ka kunna, yawanci a 2133 ko 2400 yake tashi, a kan bolt 1.2. Gudun da ke jikin kwali yana ajiye ne a wani saiti da Intel ta sa wa suna XMP, kuma sai an shiga BIOS, wato shafin saitin bod (babban allon cikin kwamfuta), an kunna shi. Kana kunna na'ura ka riƙa danna Del ko F2, ka nemo XMP, ka zaɓi na farko, ka danna F10. A bod ɗin AMD, ASUS na kiransa DOCP, MSI na cewa A-XMP, a kan DDR5 kuma AMD ta fito da nata mai suna EXPO a 2022. Bayan nan ka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna gudun RAM. In ka ga 1600 kada hankalinka ya tashi, 3200 ɗin ke nan, rabi yake nunawa.

Amma kafin ka taɓa BIOS, duba inda aka soka RAM ɗin. A bod mai rami huɗu, guda biyu suna shiga rami na biyu da na huɗu ne in ka ƙirgo daga furosesa, wato A2 da B2. A gida an saba jera su kusa da juna, ko a sayar wa mutum 16GB guda ɗaya maimakon 8GB biyu, sai hanya biyu da bayanai ke bi tsakanin RAM da furosesa ta koma ɗaya. Ga mai Ryzen 5 5600G da ba shi da katin hoto daban, wanda hotonsa daga RAM yake ci, wannan kuskure ya fi rashin XMP illa nesa ba kusa ba.

Kuma ba kowace na'ura ke yarda ba, a daina yi wa kwastoma alƙawarin da ba zai cika ba. Kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da suka cika kasuwanninmu, da yawancin laftof, babu XMP a BIOS ɗinsu. Bod ɗin Intel H410 da B460 a kulle suke, ba sa barin RAM ya wuce gudun da Intel ta kayyade, sai daga B560 a 2021 aka buɗe wa masu matsakaicin kuɗi. B450 da B550 na AMD suna yarda.

Kada kuma babbar lamba ta ruɗe ku. Ka ninka CL, wato lambar jira da ake rubutawa kusa da gudun, sau 2000, ka raba da gudun, zai ba ka jinkirin RAM ɗin, ƙaramar lamba ta fi. 3200 CL16 yana ba da 10, 3600 CL18 ma 10 ne, 3600 CL16 kuwa wajen 8.9. A Ryzen 3000 da 5000, 3600 ne wurin da ya fi daɗi, domin a nan FCLK, gudun hanyar sadarwar cikin furosesa, ke zama 1800 su tafi kafaɗa da kafaɗa da RAM. In ka matsa zuwa 4000 furosesa ya kasa bi, sai ka ƙara lamba ka rage aiki.

Ba wai nan aljanna ba ce. Kuɗin aikin hannu yana da zafi, babu ciniki, babu "rage min don Allah", ran Lahadi shaguna a rufe, kuma bod da ɗan Wunti zai zauna da ayan da gubar liƙi ya tayar, a nan sai a ce ka sayi sabo. Ba benci, ba hira, ba mai aiken yaro ya kawo masa da miyar taushe kuna jiran aiki. Wallahi ina kewar wannan. Sai dai doka ta tsaya wa mai saye: abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka ba da dalili ba, sabon kaya kuma yana da garantin shekara biyu. Shi ya sa mai shago ke gwaji, ya san in RAM ya yi gardama kansa zai dawo. Mu namu rasit ɗin a ƙasansa ake rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Alhali mu ne muka fi buƙatar gwajin. Saitin da ya zauna lafiya a ɗaki mai sanyi a nan zai iya fara kuskure a shagon kwano a Bauchi cikin Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Janairu. RAM da aka matsa wa, da ya ɗau zafi sai ya fara zubar da bayanai. Allo ya yi shuɗi, wasa ya rufe kansa, fayil ɗin da ɗalibi ya kwana yana yi ya ƙi buɗewa, sai mu ce bairos ne, mu goge Windows mu karɓi kuɗi, bayan mako guda ya dawo. Haka ma haɗa RAM na sabo da na gwanjo don lambarsu ta zo ɗaya. Suna iya zama kamfani ɗaya, kwali iri ɗaya, ƙwayoyin ciki daban. A sayi biyun da aka haɗo a kwali guda.

In ka kunna XMP allo ya yi baƙi, dakata tukuna, musamman a DDR5, wanda kan ɗauki mintuna yana daidaita kansa a tashin farko. In ya ƙi, cire wuta gaba ɗaya, zare ƙaramin batirin CR2032 da ke kan bod na ɗan lokaci, ka mayar, BIOS zai koma yadda ya zo. Sai ka sake kunna XMP amma ka sauke gudun da hannu, 3600 zuwa 3466, ko 3200. Kada ka bi ta ƙara wuta in ba ka san ƙwayar da ke ciki ba. Wasu ƙwayoyin da sun haura 1.35 ƙara rikicewa suke yi. A bod ɗin AM5 na AMD kuma wutar SoC, sashen furosesa mai kula da RAM, kada ta wuce 1.3, iyakar da AMD ta sa ke nan a 2023 bayan wasu furosesa sun ƙone.

Gwajin kansa a yi shi da rana tsaka, akwati a rufe yadda mai shi zai yi amfani da shi, a kan inbata ko UPS don kada ɗauke wuta ta katse shi. Sabunta BIOS kuwa kada a kuskura a yi shi a kan janareton da ke tari. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, saitin bai zauna ba, a sauke a sake. In ya wuce zagaye huɗu lafiya, a rubuta gudu da bolt da ranar gwaji a bayan rasit, a sa hannu, sannan a kira mai kaya.