GNU ko uutils: wanne ya kamata a dogara da shi?

Matasanmu da ke kula da kwamfutoci masu tsarin aiki na Linux a Yaba da Computer Village ta Ikeja a Legas suna amfani da umarnin ls (jero fayiloli) da cp (kwafi) da sort (tsara layuka) kullum, amma ba kowa ya lura cewa yanzu gida biyu ne ke kula da waɗannan ƙananan umarni ba.

Na farko GNU coreutils, wanda aka rubuta da harshen C. An samar da shi ne ta haɗe tsofaffin tarin umarni uku, fileutils da textutils da sh-utils, wuri guda, kuma har gobe ana gyara shi. Ƙarfinsa tsufansa ne. Fayil mai suna maras kan gado, faifai da ya cika ana tsakiyar kwafi, duk an ci karo da su tuntuni an toshe.

Na biyu uutils, da aka fara a 2013 da harshen Rust, wanda ke hana yawancin kurakuran ƙwaƙwalwar kwamfuta tun kafin manhaja ta tashi. Lasisinsa MIT ne, mai barin mutum ya gyara ya raba ba tare da buɗe gyaransa ba, na GNU kuwa GPL, mai tilasta wa duk wanda ya gyara ya raba ya buɗe gyaransa. Wannan bambancin ya fi damuna.

Ubuntu 25.10, wani nau'in Linux, ta koma uutils, sai ga matsala a umarnin date (mai nuna kwanan wata) da ta hana duba sabuntawa ta atomatik, kafin a gyara.

Ni dai, kwamfutar da ke riƙe da lissafin ɗan kasuwar Mile 12 a bar ta kan GNU tukuna. Uutils a gwada shi a kwamfutar koyo, a riƙa aika musu rahoton duk kuskuren da aka gani.